Oga, Sauko Ka Sa Hannu a Tire

Jiya na leƙa wani ofis karɓar takarda wajen ƙarfe biyu saura, an idar da azahar kenan, na tarar da mutum huɗu a ɗaki ɗaya kowa ya ba ɗan uwansa baya. Ɗaya ya ja durowa rabi yana tsakurar awara daga leda kamar wanda ya sato, ɗaya ya toshe kunne yana kallon TikTok yana tura biskit, wata baiwar Allah kuma ta kai kularta can bayan kabad ɗin fayil ta duƙa, ƙarar cokali kawai kake ji. Ba wanda ya ce min bismillah, wannan bai dame ni ba, ni baƙo ne kuma a ƙoshe na je. Abinda ya tsaya min a rai shi ne su kansu ba wanda ya yi wa wani tayi. A Kano fa, garin da ko rake kake sha a bakin titi sai ka ce da wanda bai sanka ba bismillah.

Kuma ban yi mamaki ba da takardar tawa ta gagara fitowa, na wannan tebur ya ce tana wajen wancan, wancan ya ce shi ba a gaya masa ba, alhali tsakaninsu bai kai taku uku ba. Ni dai ra'ayina, kuma na daɗe a kansa, ma'aikatan da basa haɗa hannu a kwano da wuya su haɗa hannu a aiki. Ba maganar soyayya nake ba, maganar fayil nake da yadda yake tafiya daga tebur zuwa tebur.

Wurin da na fara aiki ƙaramin ofis ne, bamu kai mu ashirin ba har da direba da maigadi, kuma muna da wani tire babba na silba da gefensa ɗaya ya lotsa, ba wanda ya san waye ya fara kawo shi. Kullum kafin a kira azahar Baba masinja zai zaga da ƴar takarda yana karɓar karo-karo, ba a yanka wa kowa, abinda ka miƙa shi zai dunƙule ya sa a aljihu ba tare da ya buɗe a gaban mutane ba, in ma baka da shi ranar sai ka ce Baba yau dai a yi haƙuri, ya ce Allah ya hore, ya wuce. Ana sallame sallah zaka hango shi ya taho da tiren a ka daga wajen mai abincin bayan ofis, shinkafa da wake da mai da yaji, an yanka salak da tumatir da albasa a sama, in wata sabo ne a ga soyayyen kifi har da ƙwai, in wata ya yi nisa kuwa ɗanwake ne ko gurasa bandashe ba wanda zai yi ƙorafi. A shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, a kawo buta da sabulu. Ogan namu, dattijo ne da ya kusa ritaya, zai cire babbar riga ya rataye a ƙofar mota ya naɗe hannun ƴar ciki ya durƙusa tsakanin direba da ɗan bautar ƙasa, kuma wallahi in ka zo a lokacin baka isa ka nuna waye mai ofis ɗin ba sai dai in ka lura da wanda ake tura wa kan kifi.

A bakin tiren nan na ga an kashe matsalolin da miting ya kasa. Direba ya rubuta takarda kan tayoyin mota sun suɗe, takardar ta yi sati uku a wajen mai kula da sito, rannan ana cikin ci kawai ya ce ranka ya daɗe ni fa jibi in za mu Zariya sai dai mu tafi da addu'a, tayar baya kamar tafin hannu take. Oga ya ɗago ya kalli mai sito, mai sito ya sunkuyar da kai yana gyara loma, ba wanda ya ɗaga murya, ba a ba kowa kweri ba, washegari aka sa taya. A ofis direba zai yi sallama ne ya tsaya a bakin ƙofa hula a hannu sakatariya ta ce oga yana da baƙi. A tabarma kuwa gwiwarsa tana gogar ta oga.

Ni kaina na taɓa yin faɗa da akantanmu kan kuɗin alawus na tafiya, na ɗauka da gangan ya riƙe min, muka yi kwana huɗu ko gaisawa bama yi, in na shigo ta nan ya fita ta can. To amma tire ɗaya ne kuma yunwa ba ruwanta da fushi. Ranar ta biyar muna ci ban ɗago ba sai na ga yatsa ya turo tsokar kifi gabana, na bi hannun da kallo, nasa ne, bai ce komai ba yana ta hira da wani kan Kano Pillars. Na ɗauka na ci. Da yamma na shiga ofishinsa ya buɗe min littafi ya nuna min ashe kuɗin ma ba a sako su daga sama ba. Da ace ba tiren nan da ƙila har yau ina gaya wa mutane mutumin nan mugu ne.

Kuma wannan ba wani sabon abu bane da muka koyo a littafin koyon shugabanci, ciyayya ce kawai ta bi mu ofis. Duk wanda ya tashi a cikin gari ko ƙauye ya san yadda bayan magariba ko isha'i magidanta ke zama a dakali ko zaure, yara su yi ta fito da kwanuka daga gidaje, a buɗe na wannan a cinye a jawo na wancan, tuwon dawa da miyar kuka daga nan, tuwon shinkafa da taushe daga can. Hikimar abin ba a ƙoshi take ba, a rufin asiri take. Wanda ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai zauna ya ci ba wanda zai tambaye shi ina naka kwanon, kuma tun daga nan maƙwabta sun gane akwai matsala, gobe sai a aika da kwanon hatsi ta ƙofar baya wajen matarsa. Har yanzu je ka Kantin Kwari ko Singa da rana ka gani, maigida da yaran shago a kan faranti ɗaya, ko garejin makanikai a Ƙofar Ruwa, hannu duk baƙin mai an wanke da omo an zagaye roba ɗaya. Mu ƴan boko masu ɗaura agogo ne muka ga abin kamar ƙauyanci, kowa ya koma cin tekawe a gaban kwamfuta.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, sahabbai suka ce ya Rasulallahi muna ci bama ƙoshi, Annabi (SAW) ya ce ƙila a rarrabe kuke ci, suka ce eh, ya ce ku haɗu a kan abincinku ku ambaci sunan Allah za a sa muku albarka. A Muslim kuma akwai cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, na huɗu yana isar takwas. Amma wanda ya fi taɓa ni a maganar ofis shi ne na Bukhari, cewa in hadimin ɗayanku ya kawo masa abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, don shi ya sha wahalarsa. Yanzu dan Allah ogogi nawa ne suke aiken masinja cikin ranar Afrilu ya tsallaka titi ya sayo musu kaza da soyayyar shinkafa, ya kawo ya ajiye, a ce masa ja min ƙofar? Ƙamshin kawai ya bi shi zuwa benci. Sannan gobe a tara mu a ɗakin taro a yi ta turanci kan aiki tare da haɗin kai.

Turawan da muke kwaikwayo ma sun dawo kan abinda muka yar. A 2015 wani malami a jami'ar Cornell ta Amurka, Kevin Kniffin, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike kan ƴan kwana-kwana a wani babban birni, sun bi tashoshi sama da 50 suka tambayi shugabanni 395, suka tarar rukunin da suke cin abinci tare sun fi samun yabo wajen aiki tare a kan waɗanda kowa ke cin nasa. Abinda ya burge ni a ciki, ba hukuma ke ciyar da su ba, su ke karo-karo su yi cefane su dafa da kansu a tasha, wato dai tsarin Baba masinja ne sak sai dai su ba darbejiya. A Faransa kuwa dokar ƙwadago ce ma ta hana ma'aikaci cin abinci a inda yake aiki, tun ƙarshen ƙarni na 19 aka faro ta saboda tsafta a masana'antu, sai a 2021 lokacin korona aka ɗaga ƙafa na ɗan lokaci. Dokar da aka yi don ƙura da cuta ita ta tilasta musu tashi daga tebur su zauna da juna, har abin ya zame musu al'ada.

Toh na san me wasu za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Malam kana maganar da ne, lokacin da naira ɗari biyu take ƙosar da mutum. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi komai ya tashi, a 2024 hauhawar farashin abinci sai da ta haura kashi 40 cikin ɗari, buhun shinkafa ya wuce N80,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin shekarar kuma N70,000 ne. A ce faranti ɗaya N1,500, kwana 22 na aiki ya kama N33,000, kusan rabin albashin ƙaramin ma'aikaci kenan bai hau adaidaita ba bai bar na cefane a gida ba. Shi ya sa mutumin can yake ɓoye awararsa a durowa, ba rowa bace, ta ɗari uku ce in ya yi tayi mutum biyu suka amsa ya tashi a tutar babu. Wani ma ba abinda yake ci sam, ruwan leda yake sha ya ce yana azumin nafila. Na yarda da wannan duka. Amma ni a ganina wannan hujja ce ta a dawo da tire ba ta a jefar da shi ba, don ciyayya dama ba don ranar wadata aka ƙirƙiro ta ba. Kuɗin da mutum goma za su kashe kowa da farantinsa da ledarsa, in aka haɗa aka ba mai abinci ta zuba a wuri ɗaya, ko aka sayi kwanon shinkafa da wake aka ba wata ta dafa, zai ciyar da sha biyar. Sharaɗin dai kar a ce kowa ya kawo daidai. Ranar da aka ce darakta dubu ɗaya mai shara dubu ɗaya an kashe abin, mai shara zai fara cewa yana da olsa.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa a fili, tsoron sammu. Kar ma wani ya ce min babu, na san manyan ma'aikata masu digiri biyu da ko ruwa basa sha a ofis in ba su suka buɗe robar da hannunsu ba, musamman in ana rade-radin ƙarin girma ko canjin kujera. Ni ba zan yi musu da imanin kowa ba, amma ko a hankalce tire ɗaya ya fi aminci a kan farantin da aka zubo da sunanka, wa zai zuba abu a inda shi ma hannunsa yake? Kuma ofishin da zargi ya kai mutum ba zai iya cin loma da na kusa da shi ba, toh matsalarsu ta wuce ta abinci, su nemi masu sulhu.

Abinda na fi ɗauka da muhimmanci cikin sukar shi ne wanda aka bari a waje. Tire yana haɗa mutane, amma yana iya zama ƙungiya, ƴan tire su zama su ne ƴan gaban goshi, a can ake jin labarin wa za a tura kwas wa za a ba tafiya mai alawus, wanda baya zama ya zama bare. A wurinmu ma sai daga baya na gane mun yi wannan laifin, mata uku ne a ofis ɗin kuma ba za su zo su durƙusa cikin maza a gindin bishiya ba, ba wanda ma ya yi tsammanin haka, sai dai a ɗebar musu a faranti a kai musu ciki. Sun ci abincin amma hirar ta wuce su, kuma hirar ita ce ribar. Hajiyar da ke kula da fayilolin ma'aikata ta taɓa ce min ku dai kun gama yanke komai a tabarma sai mu ji a sanarwa, na yi dariya a lokacin, yanzu na san ba wasa take ba. Gyaran ba wahala gare shi ba, ranar Alhamis ko sau biyu a wata a shigo da abin ɗakin taro, tiren maza a nan na mata a nan, ɗaki ɗaya hira ɗaya, kuma duk abinda ya shafi haƙƙin mutum kar a yanke shi a bakin abinci. Sannan a kiyayi ɗaya ɓangaren, in baki ya ci ido ya ji kunya, kar don kuna cin kifi tare ka kasa gaya wa mutum ya makara ko lissafinsa bai cika ba. Tsohon oganmu zai ci da kai da rana ya kira ka ƙarfe uku ya wanke ka tas kan aikin da ka ɓata, gobe kuma ya matsa maka wuri a tabarma kamar ba a yi ba.

Kuma ba dole a ciki, aya ta 61 a Suratun Nur ta ce babu laifi ku ci tare ko a rarrabe. Mai ciwon suga ya zo da kularsa ya zauna a gefe, wanda baya son sa hannu a ba shi cokali, wanda yake son ya kaɗaita ranar a ƙyale shi ba tare da an bi shi da habaici ba.

Wani abu da mutanen Kano ba lallai su ji nauyinsa ba sai wanda ya zauna a Kaduna ko Jos. Tun rikicin 2000 Kaduna ta rabu, galibin Musulmi suka tattara a arewacin kogi Kiristoci a kudu, Jos ma bayan 2001 unguwanni suka ware. Yaro zai tashi a Rigasa ko Tudun Wada wani a Sabon Tasha ko Television, makaranta daban kasuwa daban, ba inda za su haɗu su zauna sai wurin aiki. In a nan ɗin ma kowa ya ja durowarsa toh ina kuma? Ɗan bautar ƙasar da muka yi da shi daga Inugu ya zo, satin farko yana tsaye daga nesa da biredinsa yana kallonmu, Baba ya ce kofa zo ka ci, ya zo ya ɗebi yaji kamar gari ya yi ta tari har da hawaye ana ta sannu ana dariya, kafin ya gama shekararsa shi yake tuna wa Baba a ƙaro ƙuli a gurasa. Da azumi ya zo ba wanda ya hana shi ci amma da kansa ya daina ci a gabanmu, ranar da aiki ya tsare mu har magariba kuma shi ya fita ya sayo ƙanƙara da ƙosai. Bayan Kirsimeti ya dawo mana da garin rogo da manja daga gida. Ba taron zaman lafiya da aka kai shi a otal, ba a ba shi riga mai rubutu ba.

Shi ya sa nake dariya in na ga ma'aikata ta ware maƙudan kuɗi wai liyafar ƙarshen shekara don ƙarfafa zumunci, a kama hol, a yi babban tebur a sama da farin ƙyalle a jera manya, su a kai musu a faranti mai fashewa da cokali mai yatsu, ƙananan ma'aikata a ƙasa a bi su da tekawe ɗaya-ɗaya har ana rigima wani bai samu nama ba, a yi jawabi biyar a ɗauki hoto a watse. Wannan ai tsarin ofis ɗin ne aka ɗauko aka zuba masa miya, kowa ya ƙara ganin matsayinsa ƙarara. Rabin kuɗin hol ɗin zai sayi buhunan shinkafa da wake da jarkar mai da za a yi wata da watanni ana ci tare. Amma fa kuɗi ba shi ne babban abin ba, saukowar ce take wa manya wuya. In oga ya zauna sau ɗaya a sati ya ci abinda masinja ke ci, mataimakinsa ba zai iya ƙin zama ba, shi kenan an gama.

Namu tiren ba wanda ya hana shi da baki. Dattijon ya yi ritaya aka kawo wani sabo, mutumin kirki ne a mu'amala ba zan yi masa sharri ba, amma shi daga gida ake aiko masa da kula direba ya shigar masa ya rufe ƙofa. Sai mataimakinsa ya ga ai girma ya faɗi in ya ci gaba da durƙuso a waje, ya daina fitowa, akanta ya bi, da manyan suka janye karo-karon ya daina kai wa ko'ina, Baba ya yi ta cikawa daga aljihunsa har ya gaji, daga kullum aka koma Juma'a kawai daga nan aka bari. Bara na bi ta wajen na shiga mu gaisa, Baba ya bar aiki ya koma garinsu, darbejiyar an sare ta an yi rumfar ajiye motoci. Ina fitowa ta bayan ofishin oga na hango tiren, na gane shi da lotsawar gefen nan, an tara shi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki yana tare ruwan da ke ɗiga.